Yaronki ba daƙiƙi ba ne: yadda za ki taimaki yaro mai disleksiya daga gida har sukul da makaranta

Wata ranar Asabar ina kakkaɓe ɗaki a gidanmu na Nima a Accra, na ɗaga katifar yara zan fitar da ita rana, sai ga littafin shifta na ɗana na biyu a ƙasa an naɗe shi cikin baƙar leda. Na buɗe, shafi bayan shafi duk jan biro ne, 0 cikin 10, 1 cikin 10, 0 cikin 10, wani wurin ma ticha ya rubuta masa ya daina wasa har da ja layi biyu. Lokacin shekararsa 8 yana aji 3. Da ya dawo daga ɗebo ruwa ya ga littafin a hannuna bai gudu ba bai yi kuka ba, ajiye galan ɗin kawai ya yi ya ce min "Mma, ki dake ni yanzu kafin Baaba ya dawo." Wallahi har yau in na tuna maganar nan sai na ji ƙirjina ya yi nauyi. Yaron nan fa shi ne ya san duk motar da za ta kai ka unguwar Madina ko Kaneshie ko Circle da inda ake canza wata, in na aike shi kasuwa yana lissafa canji kafin mai kaya ta gama buɗe jaka, ya haddace izu biyu da ka tun kafin wansa, amma a ba shi layi ɗaya ya karanta sai gumi. Shekara uku kenan yanzu muna wannan hanya, shi ne na ce bari in rubuta abin da muka bi daki-daki saboda na san a kowane lungu na Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran Musulmi a Ghana, akwai irinsa, kuma mafi yawansu daƙiƙi ake kiransu ko a ce kansu ya mutu.

Abin sunansa disleksiya. Wani likitan ido ɗan Jamus mai suna Rudolf Berlin ne ya raɗa masa sunan a 1887, a 1896 kuma wani likita a Ingila, Pringle Morgan, ya rubuta labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda bai gaza sa'o'insa a wasa da lissafi ba amma karatu ya gagare shi. Kin ga ke nan abin ya daɗe, waya da talabijin ba su suka kawo shi ba. Da farko an ɗauka ciwon ido ne, daga baya aka gano matsalar tana wajen yadda ƙwaƙwalwa take rarrabe sautin magana ta ɗaura kowane sauti a kan harafinsa. Ni da ke in mun ji "gari" kunnenmu na iya tsinka shi g, a, r, i ba tare da wahala ba, shi kuwa dunƙule yake jinsa, to ta yaya zai san wane harafi ne ya zo farko? Ƙungiyar disleksiya ta Birtaniya tana cewa kusan mutum 1 cikin 10 na da shi, wani kaɗan wani sosai. Yana bin jini, yana samun maza da mata, sai dai 'yan mata sun fi iya ɓoyewa, su yi shiru a bayan aji su kwafi na ƙawa har a kai JHS, wato ƙaramar sakandare, ba wanda ya lura. Ba ruwansa da hankali ko rashinsa, kuma ba ya warkewa kamar zazzaɓi, amma in an koyar da yaro ta hanyar da ta dace da shi zai yi karatu.

Mataki na farko ba ya cin ko sidi ɗaya: a ajiye bulala, a canza suna. Na san za a ce ai mu ma da duka muka yi karatu, to mu da ba mu da wannan matsalar ne duka bai hana mu ba, shi kuwa kamar ki daki mai ciwon ƙafa ne don ya ƙi gudu. Abin da duka ya koya wa ɗana shi ne ƙarya da ɓoye littafi da ciwon ciki duk ranar Juma'a da safe saboda ranar ake shifta. Ki zauna da duk wanda ke gidan, baban yara, kaka, yayye, har ƙanwar miji in tana nan, ki ce daga yau ba mai kiransa daƙiƙi ko da wasa, ba mai haɗa shi da ƙaninsa a ce duba ƙaramin ma ya fi ka. Wajen surukata na fi shan wuya, don ita gani take shagwaɓa ce, na durƙusa na ce "Hajiya, don Allah ki ba ni wata uku kawai, in ba ki ga canji ba ki yi yadda kika ga dama." Ta ce to ta ji. A sukul ma, wato makarantar boko, kina da abin faɗa, domin hukumar ilimi ta Ghana, GES, ta hana dukan yara a makarantu tun 2017 ta kuma sake jaddadawa a 2019, duk da mun san har yanzu ana yi.

Daga nan sai ki sa ido ki rubuta, ko ki dinga yi wa kanki saƙon murya a WhatsApp in rubutun ba zai samu ba, na kamar wata ɗaya. Abin da za ki lura da shi: ya yi jinkirin fara magana yana ƙarami? Yana juya kalma a baki, irin ya ce "bagaruwa" ta fito "gabaruwa" har ya girma? Kwanakin mako da watanni suna ruɗe masa? In ya karanta kalma a layin sama ya sake ganinta a layin ƙasa kamar bai taɓa ganinta ba? Yana duba harafin farko ya cinka sauran? Kalma ɗaya ya rubuta ta iri uku a shafi ɗaya? Kwafe daga allo yana ɗaukarsa har a tashi bai gama ba, amma in kin karanta masa tambayar da baki sai ya ba ki amsa daidai? Wannan na ƙarshen shi ne babba a wurina, tazarar da ke tsakanin abin da ya sani da abin da yake iya sawa a takarda. Juya b da d kuwa, da mutane suka fi sani, yara da yawa suna yi har wajen shekara 7, shi kaɗai ba ya nuna komai, sai in ya wuce nan kuma ya haɗu da sauran.

Amma fa a nan sai an yi hankali, don ba duk yaron da bai iya karatu ba ne yake da disleksiya, musamman yaranmu. Ki duba nauyin da muke ɗora musu: a gida Hausa, wani ma da Dagbani ko Kotokoli ko Zabarmanci a kai, a layi Ga da Twi, a sukul Turanci, da yamma a makaranta, wato ta allo, Larabci daga dama zuwa hagu. Harsunan Ghana 11 ne gwamnati ta amince a koyar da su a sukul kuma Hausa ba ta ciki, don haka ɗan Zango da wuya ya fara koyon karatu da harshen da ya sha a nono. Gwajin karatu da aka yi wa yaran aji 2 a faɗin ƙasar nan a 2013 da 2015 ya nuna waɗanda suke karatu sarai su kuma gane abin da suka karanta ba su wuce kashi 2 cikin 100 ba. To in aji guda ba su iya ba wannan laifin koyarwa ne da cunkoso. Yadda ni na bambance shi ne, na gwada shi da Hausa zalla, ba takarda ba biro. Na ce masa "faɗi makaranta", ya faɗa, na ce "to cire ma ka faɗi saura", ƙanwarsa 'yar shekara 6 ta yi caraf ta ce "karanta", shi kuwa ya tsaya yana kallon bakina. Na gwada "gishiri" a cire "gi", na gwada "tafasa" a cire "ta", duk ya kasa. A nan na gane ba Turanci ne matsalar ba, don ko a harshensa sautin ba ya tsinkuwa masa.

Mataki na gaba asibiti, a duba ido a duba kunne, kafin a je ko ina. Yaron da ba ya ganin allo ko wanda kunnensa ya sha ruwa yana ƙarami ya rage ji zai yi kama da mai disleksiya sak, alhali tabarau ko magani ne kawai maganinsa. Ki ɗauki katin inshorar lafiya na NHIS ki fara da asibitin unguwa, in da buƙata za su tura ki gaba, a Korle Bu ana gwajin ji, mutanen Kumasi kuma ga Komfo Anokye. In ido da kunne lafiya lau sai ki nemi a auna karatunsa. Ki fara da hedimasta ki ce kina so a haɗa ki da jami'in ilimin yara masu buƙata ta musamman na ofishin ilimi na yankinku, akwai kuma cibiyar gwamnati ta auna irin waɗannan yara a Achimota. Akwai masana halayyar ɗan adam masu zaman kansu da suke yi amma da tsada, ki tambayi kuɗin tun kafin ki je. Ƙungiyar Africa Dyslexia Organisation ma a nan Accra take, wadda ta kafa ta, Rosalin Kyere-Nartey, ita kanta tana da disleksiya kuma sai da ta girma ta san sunan abin da ke damunta, suna wayar da kan iyaye da malamai musamman a watan Oktoba da aka ware don wannan.

Gwajin babu allura, babu ɗiban jini, babu hoton kai, ki faɗa wa yaron haka tun a gida don kar ya tsorata. Za a sa shi ya karanta kalmomi na gaske da na ƙirƙira marasa ma'ana don a ga ko yana haɗa sauti ne ko haddace siffar kalma yake, a sa shi ya faɗi sunayen launi ko lambobi da sauri, ya maimaita lambobi gaba da baya, ya yi rubutu. Ki tafi da littattafansa da rifot na baya da abin da kika rubuta na wata ɗayan nan. Kuma don Allah ki buɗe baki ki faɗa musu harsuna nawa yake ji da wanda ake yi a gida, saboda yawancin gwaje-gwajen nan da Turanci aka tsara su don yaran Ingila da Amurka. Kar ki fito sai da takarda a rubuce mai ɗauke da abin da aka gani da abin da ake so sukul ta yi, ki yi mata hoto a waya ki kuma yi kwafi uku. Ki tambaya ko an ga alamar rashin natsuwa ko wahalar lissafi, don sau da yawa suna tafiya tare. In kuma layin ya yi tsawo ko kuɗin bai samu ba kar ki zauna jira, aikin gida da zan faɗa yanzu ba ya cutar da kowane yaro.

To ga aikin, kuma nan ne zan daɗe don nan ne komai yake. Minti 15 kullum, kwana biyar ko shida a mako, ya fi awa biyu ranar Lahadi nesa ba kusa ba. Ki zaɓi lokacin da cikinsa a ƙoshe yake kuma bai gaji ba, mu bayan sallar asuba muke yi in ya sha koko da ƙosai, kafin gida ya cika da hayaniya, don da yamma daga sukul sai makaranta, ya dawo ba abin da ya rage a jikinsa. Makonni biyu ko uku na farko kar ki taɓa littafi sam, wasan kunne kawai da Hausa. Ku tafa hannu kuna raba kalma: Ni-ma tafi biyu, Ma-mo-bi tafi uku, ta-kal-mi, bar-ko-no. Ku yi gasar kalmomin da suka fara da sauti ɗaya, baba, baki, bante, bokiti, wanda ya kasa kawowa ya faɗi. Ku nemo masu ƙarewa iri ɗaya, gari, fari, bari, tari. Sai ki dinga jan sauti a hankali shi ya haɗa, ki ce mmm, aaa, iii, ya ce mai, daga nan ki ce "cire m ka sa r", ya ce rai, "sa k", ya ce kai. Wannan wasan ana yinsa a cikin trotro, motar haya, ana yinsa kina tuƙa tuwo, ba sai an zauna ba. Zai yi kamar wasan banza amma shi ne ginshiƙin, don yaron da kunnensa bai ji sauti a rarrabe ba ko shekara goma ya yi yana rera A B C ba zai haɗa kalma ba.

Bayan nan sai haruffa, kuma sautinsu za ki koya masa ba sunansu ba. Harafin s ki ce sss kamar maciji, kar ki ce es. Dalili, Turanci haruffa 26 ne amma sautinsa wajen 44, ga shi ba ya tafiya a kan ƙa'ida ɗaya kamar Hausa, shi ya sa yake wahalar da irin yaran nan fiye da kima. Kar ki bi jerin A zuwa Z, ki fara da shida da ake farawa da su a tsarin Jolly Phonics da sukul da yawa a nan suke amfani da shi: s, a, t, p, i, n. Da su kaɗai zai haɗa sat, pin, tap, sit, pan, tin, cikin 'yan makonni ya ga yana karanta kalma da kansa, kuma ba zan manta fuskar ɗana ranar da ya haɗa ta farko ba tare da cinka ba, ya juyo ya ce "Mma, ni na karanta ko ke kika faɗa?" Harafi ɗaya ko biyu a mako ya isa, kullum a fara da maimaita na baya kafin sabo. In ya kira p kamar f kar ki damu, wannan bakin Hausa ne, duk muna yi.

Kuma ki sa jikinsa duka a ciki, ido da kunne da baki da hannu lokaci ɗaya, wannan ita ce hanyar da Samuel Orton da Anna Gillingham suka tsara a Amurka tun shekarun 1930 kuma har yau a kanta ake gini. Ba sai kin sayi komai ba. Ni ɗinki nake yi, sai na yanka haruffa manya da ragowar yadi mai kaushi na manna a kwali yana bi da yatsa yana faɗin sautin. Ki zuba gari ko yashi a faranti ya rubuta da yatsa biyu, in ya yi kuskure a girgiza faranti shikenan ya goge, ba jan biro ba abin kunya. Ki tara murafen kwalba ki rubuta harafi ɗaya a kan kowanne, wasula da wani launi daban, ya dinga tura su yana haɗawa yana canza na farko ko na ƙarshe. Na b da d kuwa kar ki koya su tare, ki ba b wata guda shi kaɗai har ya zauna, mu cewa muke b sanda ce a gaba sannan ƙwallo, d kuma ƙwallo ne sannan sanda. Kalmomin da ba sa bin ƙa'ida irin said da the da was, biyu ko uku a mako a kati, ba ashirin ba. In ya yi kuskure ki bar cewa a'a, ki sa yatsa ƙarƙashin harafin ki ce "wane sauti ne wannan?" ki ƙirga biyar a zuciyarki kafin ki taimaka. Ranar da kika ji ranki ya fara ɓaci ki rufe kayan kawai ku tashi, gobe ma rana ce. Zai koya yau ya manta jibi, wannan cikin abin yake, ba raini ba ne.

In ke ba ki yi sukul ba wasan kunnen nan duk naki ne, na haruffan kuma ki samu yaya ko wata 'yar babbar sakandare a gidan mai haƙuri ki ɗan dinga ba ta wani abu, amma ki zauna a wurin. Abin da ba na so ki yi shi ne zuba kuɗi a lesin na yamma inda za a sake yi masa irin koyarwar da ta gagare shi da safe, mun yi shekara guda muna biya ba abin da ya ƙaru sai tsanar littafi. Ki tambayi mai lesin kai tsaye ta yaya yake koyar da sauti, in ya ce haddar sifelin da kwafe ne ki riƙe kuɗinki. Haka masu sayar da maganin buɗe ƙwaƙwalwa da tabarau mai launi, ba su gyara wannan. Addu'a kam kullum muna yi, kakarsa ma tana ba shi rubutu yana sha ban hana ba, amma wanda ya ce miki aljani ne ko an yi masa asiri ne a kawo rago, ki yi masa godiya ki wuce.

Sai sukul. Kar ki bari sai ranar karɓar rifot, ki je farkon zango ki nemi minti goma, ki gaisa da mutunci don ticha mai yara sittin a aji shi ma a wahale yake. Ki ce "Ticha, na zo neman taimakonka ne", ki ba shi kwafin takardar, ki roƙi abubuwa kaɗan da ba za su ci masa lokaci ba: a zaunar da shi gaba, kar a tashe shi karatu gaban aji ba shiri, a rage masa kalmomin shifta daga goma zuwa huɗu, a bar ki ki ɗauki hoton abin da ke allo ko na littafin wani yaro maimakon ya kwana yana kwafe, a dinga tambayarsa da baki wani lokacin, a duba amsarsa a kimiyya ba sifelin ɗinsa ba. Wannan ba alfarma kaɗai ba ce, Ghana tana da dokar masu nakasa ta 2006, Act 715, tana kuma da tsarin ilimin bai-ɗaya na 2015 da ya ce a koyar da yara masu buƙata ta musamman tare da sauran a kuma daidaita musu koyarwa, masu wahalar koyon karatu suna ciki. In an ce a maimaita masa aji ki tambaya me za a yi daban a shekarar, in ba komai to maimaicin ba shi da amfani. Maganar BECE, jarrabawar gama JHS, kuma ki tayar da ita tun yana JHS 1, domin duk wani sauƙi da za a nema masa wajen WAEC kamar ƙarin lokaci ta hannun sukul ake nema lokacin rajista kuma sai da takardar shaida.

Makaranta ma haka, kuma ita mun fi mantawa da ita. Larabci haruffa 28 ne kuma da yawa jikinsu ɗaya ɗigo ne kawai ya raba su, ba da ta da sa, jim da ha da kha, ga harafi yana canza kama a farko da tsakiya da ƙarshe, to ki ga abin da yaron nan yake fama da shi a babbaƙu da farfaru. Sau da yawa malam ba ya ganewa saboda yaron na biyawa da ka tiryan-tiryan, sai an nuna masa tsakiyar shafi a ga ba ya gane ko ɗaya. Baban yara ne ya je ya samu malam bayan la'asar ya ce "Allah gafarta Malam, yaron nan kunnensa ya fi idonsa, a taimaka a bi da shi ta nan." Muka samo masa Baƙdadi, littafin koyon haruffan Larabci, mai manyan haruffa, na bi ɗigon da biro mai launi, na sama ja na ƙasa kore, muka sa masa karatun Shehu Husari a waya, wanda ake yi a hankali ana maimaitawa don masu koyo, yana ji yana bi da yatsa. Malam da kansa ne ya tuna mana hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim, cewa wanda yake karanta Alƙur'ani yana in'ina yana shan wahala lada biyu gare shi, ya kuma faɗa a gaban yaran duka, tun ranar dariyar da ake yi masa ta ragu.

Saura abin da za ki faɗa wa shi yaron, da kuma kalmar nan nakasa da take yi wa mutanenmu nauyi. Babansa da farko cewa ya yi ɗansa ba nakasasshe ba ne kar a sa masa wannan suna a takarda. Na gane tsoronsa, a Zango suna in ya kama mutum har aurensa yake bi. Amma ni yadda na ɗauke shi, a ofis da wajen jarrabawa kalmar ce take buɗe ƙofa, in ba ta ba wanda zai ba shi haƙƙinsa, kuma ban ga abin kunya a jikinta ba, mu da muke karanta Abasa muka san a kan wa ta sauka, Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho wanda daga baya har ladanci ya yi a Madina. A gida kuwa yaron ne zai zaɓi yadda zai kira abinsa in ya girma, wasu suna cewa nakasa wasu suna cewa bambancin koyo ne kawai. Abin da ba zai yiwu ba shi ne a ɓoye masa, don in ba ki ba shi sunan gaskiya ba shi zai ba kansa, kuma daƙiƙi zai zaɓa. Ni ce masa na yi "kanka lafiya lau yake, akwai wani abu sunansa disleksiya da yake sa haruffa su yi maka wuya, ba laifinka ba ne, mutane da yawa suna da shi, za mu bi wata hanya daban, za ta ɗauki lokaci amma za ka iya." Na ba shi labarin Richard Branson mai kamfanin jiragen Virgin da ya bar sukul yana shekara 16 kuma yana faɗa da bakinsa yana da ita, amma ban ce masa dole sai ya zama attajiri ba, wannan ma wani nauyin ne.

Wani dare bayan yara sun yi barci baban nasu ya yi shiru can ya ce min shi ma a aji 5 ya gudu daga sukul saboda karatu gaban aji, kuma har yau in an ba shi fom a banki cewa yake ya manta tabarau. Shekara goma sha huɗu muna tare ban sani ba. Ki duba danginki da na mijinki da wannan idon, za ki ga kawun da aka ce boko ba rabonsa ba ne alhali shi ne gwanin gyaran mota a layin.

Kar kuma rayuwar yaron ta zama gyaran karatu kawai. Ki bar masa abin da ya iya, ƙwallo ne ko zane ko kwance rediyo, kar a hana shi don ya faɗi shifta. Ki dinga karanta masa ko ba shi labari da dare, ko ku je ɗakin karatun yara da ke nan Nima a karanta masa, don kalmomi da ilimi su ci gaba da shiga ta kunne kafin ido ya kamo. Wayarki ma tana iya karanta rubutu da murya, yana kuma iya yin magana ta rubuta masa, ki nuna masa yadda ake yi, ba ha'inci ba ne. Ke ma ki nemi uwa ɗaya ko biyu masu irin yaronki ku dinga magana, ni a wajen suna na samu tawa, ina faɗa sai ta kama hannuna ta ce nata ma haka yake. Ɗana yanzu shekararsa 11, yana karatu a hankali yana bi da yatsa, sifelin har yanzu sai addu'a, makon jiya a trotro ya karanta min allon Kwame Nkrumah Circle tun daga nesa. Gobe da asuba muna kan sh da ch, na riga na yanka su a kwali.